Kwalbar da Surukina Ya Aiko

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi muka kai Baba makwancinsa, bayan ya yi kwana tara yana fama da ciwon ƙirji. An haife shi a garin nan ana ce masa Abuja, ya bar shi ana ce masa Suleja, kuma bai taɓa sabawa da sabon sunan ba. Har ya kwanta jinya, in aka ce Suleja sai ya ce, "Ina ne kuma nan?"

Baba surukina ne, mahaifin mai ɗakina. Ni ne kuma shugabansa a ofishin wutar lantarki na garin nan, inda ya yi heluma, wato babban masu gyara. Ku riƙe waɗannan biyun, don a tsakaninsu abin ya faru.

Jama'a sun zo zaman makoki, tabarmi har bakin kwata. Tsofaffin abokan aikinsa, masu hawa falwaya, sun jeru jikin bango, ɗaya daga cikinsu yana ta share ido da hularsa. Mai injin niƙa na kasuwa, Kirista mutumin kudu wanda ya fi shekara ashirin a garin nan, ya zo ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. Da Hausarsa mai karkata ya ce, "Baba ya tafi, gaskiya ya tafi." Daga cikin gida kuwa ana jiyo muryar Goggo, ƙanwar Baba, tana hana mata kururuwa, alhali ita ma muryarta rawa take yi.

Sai ga wasu fatake biyu daga wajen Madalla, sun ga taro sun tsaya a yi addu'a da su. Suka zauna dab da ni. Ɗaya ya raɗa wa ɗan'uwansa, "Wane ne ya rasu?"

"Tsohon nan na 'yan wuta. Wanda ya ƙona kasuwa."

"Ayya. Allah Ya yafe masa."

Hannuwana na sama muna fatiha, amma wallahi ban san me bakina yake karantawa ba. Wanda ya ƙona kasuwa! Wannan ne sunan da zai bi shi kabari, ga shi kuwa mutum ɗaya ne a duniya zai iya cire masa shi, kuma mutumin yana zaune yana amsa gaisuwa da "sai haƙuri". Don haka nake wannan rubutu.

Baba bai yi boko ba. Da haƙa ramin falwaya ya fara, tun ana kafa wuta a garin, ya bi Turawa da injiniyoyi yana kallo har ya zama babu taransifomar da ke garin nan da bai san halinta ba. Kekensa baƙi ne, kakinsa kullum a goge, a aljihu kuma akwai doguwar sukudireba da ba ya ba kowa aro. In ya isa gindin taransifoma sai ya kafa bakin sukudirebar a jikin tankin, ya kara kunne a ƙotarta, ya rufe ido. Masu wucewa suna dariya, suna cewa Baba yana gaisawa da aljanunsa. Shi kuwa sai ya ce, "Ku yi shiru, tana ba ni labarin abin da kuka yi mata jiya."

Bayan azahar yake zagayensa, lokacin da tanki ya gama ɗaukar zafi. Zai ɗora tafin hannu a jikinsa ya fara karanta Ƙulhuwallahu. In ya yi ƙafa bakwai hannu na nan bai ƙona shi ba, sai ya shafa tankin ya ce, "Ke kam sai kin binne ni." In bai kai ƙafa biyu ba ya janye, sai ka ga fuskarsa ta canza, ranar nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Daga nan ya tsiyayi man da ke ciki a farar kwalba, ya ɗaga ta a rana. Sabon mai garau yake kamar man gyaɗa. In ya fara komawa kalar shayi, an fara cin rai. In ya yi duhu, yana ƙauri, ga gari-gari a gindin kwalba, to magana ta ƙare. Tagar zaurensa cike take da waɗannan kwalabe, kowace da sunan unguwarta da ajami.

Ga wanda bai sani ba, cikin tankin nan waya ce ta tagulla aka nannaɗe zagaye bisa zagaye, kuma abin da ya raba wannan zagaye da wancan takarda ce kawai, jiƙe da mai. Baba yakan ce, "Ƙarfe ba ya mutuwa, tagulla ba ta mutuwa. Takarda ce ke mutuwa, zafi ne kuma ajalinta." Yakan ce kuma, "Ba a tambayar taransifoma shekarunta. Tambaye ta zafin da ta sha." Mu ma an koya mana wannan a makaranta a Kaduna, da Turanci da zane a allo, cewa ɗan ƙarin zafi kaɗan yana raba ran takardar biyu. Na ci jarrabawa a kai, har da yabo.

Da na dawo da takardar shaidata aka ɗora ni a kan ofis, Baba ne ya riƙe ni. Malam Takarda yake kirana. Mun sha musu da shi a gindin falwaya, ni ina buɗe littafi, shi yana cewa, "To, Malam Takarda, littafin ya ce me game da ƙadangaren da ya shiga akwatin fis?" Mu yi dariya, mu ci rogo da ƙuli a faranti ɗaya. Shi da kansa ya ga hankalina, ya ba ni 'yarsa. Ban taɓa samun kyauta irin wannan ba, ban kuma san abin da zan rasa a dalilinta ba.

Tun daga ranar ɗaurin aure kunya ta sauka tsakaninmu, yadda aka saba. Bakina ya daina kiran sunansa, shi ma Malam Takarda ya mutu a bakinsa. In na hango shi a hanya sai in ratse lungu, in kuwa an yi kiciɓis in tuɓe takalmi in durƙusa, ido a ƙasa. Faranti ɗaya ya ƙare, musu ya ƙare. A ofis abin har dariya yake ba ma'aikata: ga shugaba durƙushe gaban helumansa, heluma kuma yana kallon bango yana cewa "madalla, madalla". Direban ofis ne ya zama bakinmu, shi ke kai wa shi ke kawowa. Ban ga aibun haka ba a lokacin, yanzu ma ba al'ada nake zargi ba. Abin da na yi da ita nake zargi.

Shekarun nan ne arziki ya buɗe, kowa ya sayi fanka da firji, masu walda suka cika bakin kasuwa, injin niƙa ya tashi daga ɗaya ya koma biyar. Sai manya daga hedkwata suka aiko cewa sabuwar taransifoma ɗaya tak za a ba garin nan, in rubuto wadda ta fi kusa da mutuwa a canza ta. Biyu ne a gabana. Ta Kurmin Sarki tsohuwa ce, ta haura shekara ashirin, fentinta duk ya ɓamɓare. Ta kasuwa kuwa shekararta takwas, sai ƙyalli take. Na duba farantin ƙarfen da ke jikin kowace, na ɗebe shekaru daga abin da littafi ya ce, na rubuta cewa ta Kurmin Sarki ta gama yayinta, ta kasuwa kuma tana da sauran fiye da shekara goma. Na sa hannu, na aika. Ban ɗora hannu a jikin ko ɗaya ba, ban kuma aika an tambayi Baba ba.

Labari ya isa kunnensa. Bai aiko direba ba, don ba zai gyara wa surukinsa kuskure ta bakin ɗan aiki ba, ofis duka su ji. Ta gida ya biyo. Ya ba Goggo saƙo, Goggo ta kawo wa mai ɗakina, ita kuma ta jira har na gama cin abincin rana, ta ajiye kwalba a gabana. Man da ke ciki ya yi duhu, ga gari-gari a ƙasa, a jikinta an rubuta "kasuwa" da ajami.

Ta ce, "Malam, Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce a gaya maka ta kasuwa ba za ta ga damina biyu ba. Ta Kurmin Sarki kuwa, ya ce a inuwa ta girma, gida kaɗan take ɗauka, sai ta binne shi."

Na buɗe kwalbar na sansana, ƙauri ya doki hancina. Kada wani ya ce ban gane ba. Na gane sarai, tun kafin in mayar da murfin. Amma takarda ta riga ta tafi da sa hannuna, kuma shekarar nan ake maganar ƙara mini girma. In sake rubutawa in ce na yi kuskure, wanda bai yi boko ba ya gyara mini? Sai na ce mata, "To, a ce na gode." Shi ke nan. Na san ba zai tare ni ya tambaye ni ba, na san ni ma ba wanda zai ga laifina don ban je na zauna da surukina muna musu ba. Kunya ta zama mini ɗaki, na shige na ja ƙofa.

Aka kawo sabuwa aka kafa a Kurmin Sarki, aka ja tsohuwar aka jefar a bayan ofis. Sai Baba ya koma yana jinyar ta kasuwa da abin da yake da iko a kai. Ya samo kwano ya yi mata rumfa mai tsayi don rana ta daina dukanta. Ya bi masu niƙa da masu walda ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su riƙa yin aiki bi da bi, kada su tayar da injuna gaba ɗaya da tsakar rana.

A nan ne suka yi faɗa da mai injin niƙa, faɗan da kasuwa ta daɗe tana labari. Mutumin ya ce mata sun yi layi da masara, ba zai kashe inji don mafarkin tsoho ba. Baba ya hau ya cire masa fis ya sa a aljihu. Mutumin ya biyo shi yana ihu, "Baba, ka kashe ni! Wane doka ne wannan?" Baba ya ce, "Dokar wanda ya shafa wa injinka mai shekara uku." Lokacin yaƙin basasa, da mutumin ya gudu gida da iyalinsa, Baba ne ya ja injin ya kai zaurensa, ya lulluɓe shi, yana juya shi yana sa masa mai duk wata, har mai shi ya dawo ya same shi kamar jiya ya bari. Baba bai taɓa goranta masa ba sai ranar, kuma an ce da ya koma gida ya kasa cin abinci don ya yi gorin. Washegari da sassafe ya mayar da fis ɗin da hannunsa, ya ba shi haƙuri. Daga ranar mai injin ya riƙa kashewa da azahar, amma sauran huɗun ba su ji ba.

Damina ɗaya ta wuce. Da bazara ta gaba, ranar kasuwa, ana shirin la'asar, hadari bai ko fara haɗuwa ba, ta kasuwa ta yi ƙara ta fashe, mai ya watsu yana ci da wuta. Baba yana kusa, don kullum yana kusa. Ya kutsa da sandar kashe layi ya raba ta da babbar waya, ba don haka ba da abin ya fi haka muni. Hannunsa na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Layin rumfunan masu atamfa da na teloli ya tafi ƙurmus. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma akwai waɗanda har yau ba su tashi ba.

Bayan mako biyu manya uku suka zo bincike. Aka zauna a ofishina, Baba yana tsaye da hannu a naɗe, ni ina zaune a kujera, karo na farko da na zauna yana tsaye. Babbansu ya buɗe takardata ya karanta: sauran fiye da shekara goma. Ya ce to in haka ne, ba tsufa ya kashe ta ba, rashin kula ne. Wani ya ce ai ga dalili, an yi mata rumfa an hana ta shan iska. Wa ya yi rumfar? Baba. Da izinin wa? Babu izinin kowa.

Babban ya dube shi ya ce, "Heluma, ka taɓa ganin wata alama a jikinta ka sanar da shugabanka?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. Akwai Goggo, akwai 'yarsa, akwai kwalba. Baba bai kalle ni ba, ai ba ya kallona dama. Ya dubi bango ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ke kula da ita. A rubuta ni."

Aka rubuta shi. Ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, da wannan hannun da nake rubutu yanzu. Aka sallame shi daga aiki saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Ni aka ƙara mini girma a ƙarshen shekara.

Da yake babu wata a ajiye, tsohuwar nan ta Kurmin Sarki da na ce ta mutu, ita aka jawo daga bayan ofis aka kafa a kasuwa. Masu niƙa sun tsorata, suka koma aiki bi da bi yadda Baba ya roƙe su tun farko. Tana nan tana aiki har yau. Ranar da muka ɗauki gawarsa ta gabanta muka wuce, tana ta gurnaninta a hankali. Ya ce sai ta binne shi, ta kuwa binne shi.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su. Baba ya daina bi ta kasuwa, ko masallacin Juma'a zai je sai ya yi zagaye. Ya koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Kwalaben tagarsa ya kwashe. Duk Sallah nakan je in durƙusa a zaurensa, ya sa mini albarka, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni goro a kai musu. Ko sau ɗaya muryarsa ba ta canza ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sau nawa na fito daga gida da niyyar yau zan faɗa, in na isa zaure in ce ai bai dace suruki ya buɗe irin wannan magana ba, in gaishe shi in tashi. Mai ɗakina kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba. Tana kawo mini abinci a kan lokaci, sai dai ta daina zama har in gama.

Ranar sadakar uku da safe, kafin in fita wurin zaman makoki, ta shigo ta ajiye kwalbar a gabana. Ashe tana cikin kwallarta duk shekarun nan.

"Malam, ga ajiyarka."

Na ce, "Na ɗauka kin zubar."

Ta ce, "Ba tawa ba ce balle in zubar." Ta juya ta fita.

Ranar ban iya faɗin gaskiya ba. Sai ranar bakwai, bayan liman ya shafa fatiha mutane suna shirin tashi, na miƙe da kwalbar a hannu. Na ce jama'a a dakata. Na faɗa musu duka: takardar da na rubuta, saƙon da ya aiko, abin da na amsa, da abin da ya faru a ofis. Na ce Baba bai ƙona kasuwa ba, shi ne ma ya ga wutar tun saura shekara da rabi, ni na ƙona ta da alƙalami. Na ce na rubuta wa hedkwata haka, duk abin da za su yi da ni su yi.

Tsohon nan mai share ido da hula ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Mun sani, Injiniya. Shi ya hana mu magana." Mai injin niƙa ya tashi ya sa takalminsa, ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Oga, ka makara." Liman ya ce in je in maimaita a kasuwa, tunda a can aka ɓata shi. Na je ranar kasuwa na maimaita, a gindin taransifomar.

Da yamma Goggo ta aiko in shiga. Na durƙusa a bakin ƙofarta. Tana jan carbi ta fara magana.

"Ɗan nan, ka san ni ba ni da haƙurin yayana. Ranar da aka kore shi na ɗauki mayafina zan tafi ofishinku in tona maka asiri. Ya tare ƙofa da wannan ƙonannen hannun. Ya ce, 'Ki bar shi. Yaron nan na daɗe da ɗora hannu a kansa, da sauran rai a cikinsa. Abin yana cinsa. Ba zai wuce damina uku ba, zai zo da ƙafarsa ya faɗa.' Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya sa a share zaure, a shimfiɗa sabuwar tabarma. Bai ce don wa ba, ni ma ban tambaya ba. Bana ma an shimfiɗa."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka gidajen garin nan, Ya sa hannun nan da ya ƙone ya zama shaida a gare shi ranar da ba a ɓuya a bayan komai. Ku da kuka san shi, in an ambace shi a gabanku da wancan suna, ku gyara, ku faɗi nawa.

Shekara talatin yana yi wa taransifomomin garin nan lissafin kwana, ban taɓa jin wadda ta ƙaryata shi ba. Damina uku ya ba ni. Ya rasu bayan ta huɗu, yana jira. Sau ɗaya tak lissafinsa ya ɓace, a kaina.